Ɗan Ƙwaya da Riƙon Amana: Waiwaye a Kan Tarihin Maye da Sana'a a Maiduguri

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a Hausari ko Gwange bayan sallar la'asar ya san akwai wani hukunci da ba a ɓata lokaci wajen yanke shi. Da zarar an kawo zancen wani yaro da ake nemar wa aiki, wani daga gefe ya ce, "Ai ɗan ƙwaya ne," to magana ta mutu ke nan. Ba mai tambayar wace irin ƙwaya yake sha, ko tun yaushe ya fara, ko kuwa ma ya daina. Kalmar nan ta wadatar, domin a wurinmu ta ƙunshi ɓarawo da maƙaryaci da malalaci da mahaukaci gaba ɗaya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mai yiwuwa ne wasu daga cikin masu yanke hukuncin a keken ɗan ƙwaya suka iso majalisar, shi ya yi musu dakon buhun gero daga Kasuwar Monday, shi ne kuma ya buga bulon katangar da suka jingina da ita.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun dangantakar da ke tsakanin kayan maye da sana'a a wannan yanki namu, tun daga zamanin goro da taba har zuwa zamanin tiramadol, domin mu ga ko tarihi zai taimaka mana wajen amsa wasu tambayoyi biyu da mutane kan cakuɗa su wuri ɗaya. Ta farko, shin wanda ƙwaya ta kama yana iya riƙe aiki? Ta biyu, shin ana iya ba shi amana? A ganinmu tarihi ya daɗe da amsa ta farko, ko da yake amsar ba ta da daɗin ji. Ta biyun ce ke da wuyar sha'ani, kuma a kanta za mu fi daɗewa.

Daga Goro Zuwa A-ji-garau

Hausawa da Barebari ba baƙi ba ne ga abin da ake ci don a kori gajiya. Goro shi ne kakansu duka. Shekaru aru-aru fatake suna tafiyar watanni zuwa Gwanja su ɗauko shi, wani kason ya tsaya Kano, wani ya zarce har Kukawa. Malami mai kwanan zaune a kan littafi, da maɗinki, da masaƙi, da madugu a kan hanya, duk sun san amfaninsa. Kowa kuma ya san yadda ma'abocin goro kan zama idan ya wayi gari babu ko ɓari a aljihunsa: kai yana sara, ido yana lumshewa, fuska a murtuke. Duk da haka ba mu taɓa jin an hana wani limanci ko alƙalanci saboda cin goro ba.

Taba ce ta fara jawo gardama. Cikin 1607 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta risala yana mai ganin halaccinta. A wajajen ƙarshen wannan ƙarni kuwa, wani malamin Fulani mai suna Muhammad al-Wali, mazaunin ƙasar Bagarmi da ke kudu maso gabashin Tafkin Chadi, ya rubuta tasa yana haramta ta, yana kuma yi wa malamin Misira Aliyu al-Ujhuri raddi. Ɗaya daga cikin manyan ma'aunan da malaman suka yi ta kai da komowa a kansa shi ne hankali, watau shin abin yana gusar da shi ko ba ya gusarwa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan ma'auni, domin za mu sake cin karo da shi.

Tabar wiwi kuwa, akasarin marubuta suna danganta yaɗuwarta a Nijeriya da dawowar sojojin da Turawan Ingila suka kai Indiya da Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. (Bama ta ƙasar Asiya muke nufi, ba tamu ta nan hanyar Banki ba.) Amma abin da ya fi shafar batunmu shi ne ƙwayoyin hana barci na jinsin amfetamin. Waɗannan ma yaƙin ne ya fito da su fili, domin tsakanin Afrilu da Yuli na 1940 an kai wa sojojin Jamus ƙwaya kimanin miliyan 35 ta irin wadda ake kira Pervitin, don su yi ta tafiya dare da rana ba runtsawa. Tun asalinta ke nan ƙwayar aiki ce, kuma shugabanni ne ke raba ta ga na ƙasa da su. Kafin tsakiyar shekarun 1960 irinta ta iso Afirka ta Yamma, har fitaccen likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Adeoye Lambo na asibitin Aro da ke Abeokuta ya yi rubutu cikin 1965 yana jan hankali a kan matsalar. A shekarar 1964 ne jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, manyan motoci kuma suka yawaita a kan doguwar hanyar Kano, ana jigilar gyaɗa da fatu da shanu da busasshen kifin Baga. Direban da zai kwana yana tuƙi, da lebura mai sauke kaya, da ɗan ƙodago a gonar wani, da ɗalibi mai shirin jarrabawa, su ne kasuwar wannan ƙwaya ta farko.

Mu da sana'armu ita ce nazarin harshe, sunan da Bahaushe ya raɗa wa irin waɗannan ƙwayoyi ya ishe mu hujja. Ya ce musu "a-ji-garau". Sunan bai ambaci layi ko tangaɗi ba. Garau ya ce, watau yanayin da mai gida yake so ya ga yaronsa a ciki da sassafe. A nan ƙwaya ta sha bamban da giya. Mu'azu Haɗeja ya yi wa giya waƙa ta musamman yana tona illolinta, Alhaji Mamman Shata kuma ya yi tasa ta "A Sha Ruwa" daga ɗaya ɓangaren, amma dukkansu biyu giyar da suka sani abar yamma ce, wadda ake zuwa wurinta bayan an tashi daga aiki, a kashe abin da aka samu. Ita kuwa ƙwaya da asuba ake haɗiyarta, da kofin shayi, kafin a fita nema. Adabinmu ya yi ta fama da mashayin yamma, ya daɗe bai ankara da na asuba ba.

Hukuma ta ankara, sai dai da bulala kawai ta zo. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, da ɗaurin shekara 10 ga mai shanta. Doka ta 20 ta 1984 ta kai ga harbe mutum uku a Legas cikin Afrilun 1985 saboda safarar hodar ibilis da makamantanta. A ƙarshen 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wato NDLEA, da Doka ta 48. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da ta tsaya ta tambayi dalilin da ya sa ɗan dako yake bukatar ƙwaya kafin ya ɗaga buhu.

Maiduguri da Zamanin Tiramol

Tsarin tsuke bakin aljihu da aka shigo da shi cikin 1986 ya rufe ƙofofin aikin albashi da yawa, ya buɗe ta acaɓa. Galibin 'yan acaɓa ba su suka mallaki baburan ba. Akwai balas da za su kai wa mai shi kowace yamma, ko an samu ko ba a samu ba, kuma a zafin Maiduguri na watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, za su nemo shi. A farkon shekarun 2000 kuma 'yan siyasa suka gano wani amfanin na daban ga matasa marasa aikin yi, aka sami gungun 'yan bangar da ake kira ECOMOG, waɗanda ba a rasa su da kayan maye a wurin gangami. Wannan ma aiki ne, da mai ɗauka da lada, ko da yake ba wanda ya taɓa neman takardar shaidar lafiya kafin ya ɗauke su.

Sa'an nan masifa ta sauka. Rikicin Boko Haram ya ɓarke cikin Yulin 2009, aka hana hawan babur a birnin cikin Yulin 2011, dubban 'yan acaɓa suka koma Keke Napep ko suka koma zaman banza. Cikin 2014 garuruwa irin su Gwoza da Bama da Dikwa suka faɗa hannun 'yan tawaye, manoma da masunta da makiyaya suka kwararo Maiduguri, suka cika sansanonin Bakassi da Dalori da sauransu. Mutumin da jiya yake da gona da rumbu, yau ya zama mai tura kurar ruwa ko mai haƙar yashi, ga kuma abin da idonsa ya gani wanda ke hana shi barci. A cikin wannan hali tiramadol, wadda 'yan gari ke ce wa tiramol, ta sami gindin zama.

Ita wannan ƙwaya maganin ciwo ce ta gaskiya. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya harhaɗa ta cikin 1962, ya fito da ita kasuwa cikin 1977. Likita kan rubuta mai nauyin miligiram 50 ko 100, amma wadda ta cika kasuwanninmu, mafi yawa daga Indiya, mai 200 ce ko 225 ko 250. Tana dusashe ciwon jiki kamar sauran dangin ofiyom, tana kuma ɗaga zuciya ta sa mutum ya ji kuzari, abin da ya sa ta dace da bukatar mai aikin ƙarfi. Akwai wani labari daga maƙwabtanmu da ke nuna iyakar yadda ta shiga harkar aiki. Cikin 2013 wasu masana kimiyya suka ba da sanarwar cewa sun gano tiramadol a cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta mamakin yadda itace ya iya ƙera abin da Bajamushe ya ƙera. Shekara guda bayan haka wasu masanan suka bi diddigi, suka kawo hujjar cewa manoman yankin ne ke sha, suna kuma ba shanun huɗarsu don su jure rana, fitsari da kashin dabbobin suka ratsa ƙasa har saiwar ta tsotsa. Ashe har sa ma an mayar da shi ɗan ƙwaya, kuma ba mu ji wanda ya ce a kore shi daga gona ba.

A nan gida, likitocin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan hanyar Baga sun bi bayanan masu zuwa sashensu na masu shaye-shaye na tsawon shekara huɗu, suka buga sakamakon cikin 2017. Fiye da rabin majinyatan tiramadol ce matsalarsu, kuma dalilin da aka fi ambata na shanta shi ne gusar da gajiya. Binciken ƙasa baki ɗaya da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga cikinsu ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramadol suka sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, kuma ɗaya cikin biyar ne abin ya zame wa cuta sosai. Hankali ba zai ɗauka cewa mutum miliyan goma sha huɗu duk suna kwance a ƙarƙashin gada ba. Suna cikin kasuwa da tasha da gareji da ofis, wasu ma a cikin aji, a gaban allo ko a bayansa.

Har tsaron garin ma bai kuɓuta ba. Lokacin da matasan Maiduguri suka tashi da gora da adda cikin 2013 suka kori 'yan tawaye daga unguwanni, birnin nan kaf ya damƙa ransa a hannunsu. Daga baya wasu daga cikinsu sun faɗa wa 'yan jarida da bakinsu cewa da tiramol suke shiga daji, kamar yadda ake samun ta a jikin waɗanda suke yaƙa. Ba muna faɗin haka don mu rage musu daraja ba ne. Allah ya saka musu da alheri. Muna faɗi ne don a ga cewa ranar da wuta ta kama, ba mu tsaya binciken aljihun mai kawo ruwa ba.

A watan Mayun 2018, kwana ɗaya bayan wani shirin bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ita ma Indiya ta ƙara tsaurara dokar fitar da tiramadol a wannan shekara. 'Yan kasuwa ba su yi barci ba: suka maye gurbinta da wani haɗin mai suna Tafrodol da 'yan'uwansa, wanda Indiya ba ta hana ƙera shi ba sai cikin Fabrairun 2025. Muddin gajiyar tana nan, mai sayar da maganinta ba zai rasa ba.

Bashi da Ruwa

Kada mai karatu ya zaci muna wanke ƙwaya. Ƙarfin da take bayarwa bashi ne da ruwa, kuma mai bin bashin ba ya ɗaga ƙafa. Jiki yakan saba, guda ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma kati. Ranar da ba a samu ba sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da gumi da hamma da baƙin rai, har mutum ya kasa ɗaga ko bokiti. A wannan mataki ba don ya ji garau yake sha ba, don ya iya miƙewa ne kurum. Kuɗin da yake samu da taimakon ƙwaya ya koma wa ƙwayar, in bai isa ba a taɓa balas, daga nan a taɓa tukunyar uwa ko wayar ƙanwa. Ƙaryar da ake zargin ɗan ƙwaya da ita gaskiya ce, kuma a nan take tsirowa, domin wanda ke ɓoye abu kullum dole harshensa ya saba da kwana. Bugu da ƙari, tiramadol idan ta yi yawa tana jawo bugun farfaɗiya ba tare da sallama ba. Wanda ya san haka ba zai so ɗansa ya shiga motar Damaturu da irin wannan direba ba, mu ma ba za mu so ba. Saboda haka dattawan majalisa ba su yi ƙarya ba. Kuskurensu shi ne sun ɗauki hali na wani mataki suka mayar da shi suna na har abada.

Yadda Magabata Suka Auna Amana

Cikin 1974 Baturen nan Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan "mutumin kirki", inda ya lissafa amana tare da gaskiya da kunya da haƙuri da sauransu cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su. Abin da lissafi irin wannan ba ya nunawa shi ne, a aikace Bahaushe bai taɓa miƙa amana dunƙule guda ba. A dubi yadda ake renon yaron shago. Da shara yake farawa da ɗebo ruwa. In an ga kamun ludayinsa a fara aikensa da canji. Bayan shekara a bar masa shago na sa'a guda, sa'an nan na yini, sa'an nan a ba shi mabuɗi. Sai an daɗe ƙwarai kafin a ɗaura masa kuɗi a ƙugu a ce ya tafi Kano ko Anaca saro kaya. A kowane mataki kuma akwai wanda ya tsaya masa, kawu ko malami ko mai unguwa, wanda za a nema idan an ga ba daidai ba. Amanar kasuwa tsani ce, ana hawa ana kuma saukowa, kuma wanda ya zame daga mataki na biyar ba lalle ne a jefar da shi waje ba, akan mayar da shi na biyu.

Fiƙihun Malikiyya da aka yi ƙarnoni ana karantarwa a zaurukan Borno ya tafi a kan irin wannan hanya. Ba a karɓar shaidar mashayi yana cikin shansa, domin adalcinsa ya faɗi. Idan ya tuba, aka ga alamun gyaruwa na wani lokaci, adilan da suka daɗe da saninsa suka tsarkake shi a gaban alƙali, shaidarsa takan dawo. Sai dai malaman sun yi wata togaciya mai ban sha'awa, wadda ke cikin Muhtasar na Shehu Halil: wanda aka yi wa haddi a kan wani laifi, ko ya tuba, ba a karɓar shaidarsa a kan irin wannan laifin. An mayar masa da mutuncinsa ke nan a ko'ina, ban da daidai gurbin da aka san ƙafarsa ta taɓa zamewa. Da za a fassara wannan da harshen ma'aikata na yau, sai a ce a ɗauki tubabben ɗan ƙwaya aiki, amma kada a ba shi mabuɗin ɗakin magani.

Tarihin farkon Musulunci ya ba mu misalai biyu da suka kama bakin zaren ta kowane gefe. Ƙudama ɗan Maz'un, Allah ya yarda da shi, ya halarci Badar, kuma suruki ne ga Halifa Umar, wanda ya naɗa shi gwamnan Bahrain. Da shaida ta tabbata cewa ya sha abin maye, Halifa ya tsayar masa da haddi, ya kuma sauke shi, ko da yake daga baya sun sasanta. Muƙamin da rayukan jama'a ke rataye da shi bai jure gushewar hankali ba, ko na wane ne. A ɗaya gefen ga Abu Mihjan as-Saƙafi, jarumi kuma mawaƙi, wanda aka sha yi wa bulala saboda giya. A yaƙin Ƙadisiyya, wajajen shekarar 636, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya sa aka ɗaure shi. Da yaƙi ya yi zafi sai ya roƙi matar Sa'ad ta kwance shi, bisa alkawarin in ya tsira zai dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Ta yarda da maganar mashayi, ta sake shi, ya hau dokin Sa'ad ya yi abin da ya ba rundunar mamaki, da dare kuma ya dawo kamar yadda ya ce. Masu tarihi sun ruwaito cewa da Sa'ad ya sake shi ya ce ba zai ƙara dukansa ba, shi kuma a nan ya bar giya. Abin da bulala ta kasa shekara da shekaru, yarda ta yini ɗaya ta yi shi.

Turawa ma suna da nasu Abu Mihjan ɗin. William Halsted, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin iyayen aikin tiyata na zamani a Amurka, ya kamu da hodar ibilis cikin 1884 garin gwada ta a jikinsa a matsayin maganin kashe zafi. An kwantar da shi asibiti, aka yi ƙoƙarin raba shi da ita ta hanyar ba shi mofin, sai ya koma bawan mofin ɗin. Abokinsa William Welch ne ya tsaya masa, ya kai shi Baltimore, ya ajiye shi kusa da shi a ɗakin bincike. Da aka buɗe asibitin Johns Hopkins cikin 1889, riƙon ƙwarya aka fara ba shi, sai da aka ga kamun ludayinsa aka tabbatar masa da shugabancin sashen tiyata. Shi ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata, shi ya tsara yadda ake horar da likitocin fiɗa, ya kuma riƙe aikinsa har mutuwarsa cikin 1922. Sai a 1969, da aka buga wani rubutun sirri na abokin aikinsa William Osler, duniya ta tabbatar cewa ya ci gaba da shan mofin shekaru da yawa yana kan wannan muƙami. Ba za mu ɓoye cewa yakan ɓace na watanni ba, kuma waɗanda suka san shi da fara'a a da sun ce ya koma miskili. Ba kuma za mu ba kowa shawarar ya kwanta a gaban wuƙar mai irin wannan hali ba. Amma a lura da abin da ya riƙe shi: mai tsaya masa, da matakin gwaji, da idon da ke kansa. Tsanin yaron shago ne sak.

Abin da Welch ya yi wa mutum ɗaya, daga baya an mayar da shi tsari. Wani nazari da aka buga cikin 2008 ya bi likitocin Amurka 904 da aka sa cikin shirin jinyar shaye-shaye, inda ake yi musu magani, a mayar da su bakin aiki bisa yarjejeniya, a riƙa gwada fitsarinsu ba tare da sanarwa ba har shekara biyar. A ƙarshen wa'adin kusan kashi 79 cikin ɗari suna riƙe da lasisinsu suna aiki. Masana sun ce samun abin da mutum ke tsoron rasawa yana daga cikin manyan dalilan wannan nasara.

Kwalbar Fitsari

Wannan ya kawo mu ga abin da ake yayi yanzu. Janar Muhammad Buba Marwa, wanda mutanen Borno suka sani tun yana gwamnan soja a nan daga 1990 zuwa farkon 1992, ya karɓi shugabancin NDLEA cikin Janairun 2021, kuma ya yi ta kira da a riƙa gwajin ƙwaya ga masu neman aiki da masu neman muƙami da ɗalibai har da masu shirin aure. Jihar Kano ta riga ta fara: gabanin zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 2021 an ba da sanarwar cewa 'yan takara 13 sun faɗi wannan gwaji. Ba mu ƙi gwaji ba, musamman ga direba da mai riƙe da bindiga da mai ba da magani. Sai dai ya kamata a san abin da kwalbar ke iya faɗa. Tiramadol da kodin kan bar fitsari cikin 'yan kwanaki kaɗan, wiwi kuwa takan yi makonni a jikin wanda ya saba da ita. Mai wayo da ya san ranar gwaji zai daure na mako guda ya wuce, wanda likita ya rubuta wa magani bayan haɗarin mota kuma ya faɗi. Gwajin da ya yi wa likitocin Amurka amfani maimaitacce ne, yana tafe da jinya, kuma manufarsa a riƙe mutum a bakin aiki. Namu sau ɗaya ne, a bakin ƙofa, kuma wanda ya faɗi ba a gaya masa inda zai nufa.

Inda yakan nufa mun gani. Cikin Satumba da Oktoban 2019 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, suka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye, don ba su san wani wurin ba. A nan Borno kuwa, bayan mutuwar Abubakar Shekau cikin Mayun 2021, dubun dubatar mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya. Aka tsugunar da su a sansanin alhazai da wasu wurare, aka tantance su, aka koya wa wasu sana'a, aka nemi masu unguwanni da dangi su karɓe su. Jama'a sun yi ta muhawara a kan wannan shiri, kuma waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa suna da hakkin su ji ɗaci. Abin da muke nunawa kawai shi ne, jihar da ta iya gina tsanin dawowa ga wanda ya ɗauki bindiga, ba ta da hujjar cewa ba ta san yadda ake gina shi ga wanda ya ɗauki katin tiramol ba.

Akwai wani dattijon tela da muke kai wa ɗinki shekara da shekaru. Bayan ambaliyar Satumban 2024, wadda ta cinye masa kekuna biyu, muka tarar ya ɗauki wani saurayi da duk layin suka san tarihinsa, wanda bai daɗe da fitowa daga asibiti ba. Muka ja shi gefe muka ce, "Baba, ba ka jin tsoron kayan mutane?" Ya ce, "Malam, ina ji mana. Shi ya sa kawunsa ya zo ya zauna a nan inda kake zaune, muka yi magana. Wata uku na farko guga kawai yake yi da sa maɓalli. Kuɗinsa kuwa ba na ba shi a dunƙule, kullum na abinci, saura ranar Alhamis a hannun uwarsa." Muka tambaya ko ya taɓa komawa ruwa. Ya ce sau ɗaya, ana saura kwana tara ƙaramar salla, lokacin da aiki ya yi yawa suna kwana a shago. "Laifina ne rabi," in ji shi, "ni na sa shi kwana uku ba barci. Na mayar da shi kan guga wata guda, na kuma daina karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinmu."

Da muka koma karɓar kayan babbar salla, saurayin ne ya auna mu, shi ya yanka shaddar, kuma mabuɗin shagon yana rataye a wuyansa. Na aljihun teburin da ake ajiye kuɗi kuwa har yanzu yana cikin hular Baba.